Launin Jiya

Shekara goma sha tara Saje yana aikin ɗan sanda bai taɓa makara faretin safe ba, sai ranar da mahaifiyarsa ta ɓoye masa makullin mota. Tsohuwar ta daɗe da abin a ranta. Tun da aka cire shi daga cikin masu kaki aka mayar da shi sashen farin kaya ta yanke hukuncin cewa korarsa aka yi yake ɓoye mata, don ita ba ta ga yadda za a yi ɗan sandan gwamnati ya fita aiki da riga mai ratsi-ratsi da takalmin gudu kamar mai tallar waya ba.

"Inna, don girman Allah, ina makullin nan?"

"Wane makulli? Wanda ba shi da aiki ina za shi da sassafe? Zauna ka sha shayi."

Matarsa na kicin tana dariya ƙasa-ƙasa, babbar 'yarsa na durƙushe da kayan makaranta tana laluba ƙarƙashin kujeru. Sai da aka kwashe minti ashirin da biyar kafin a zaro makullin daga ledar magungunan tsohuwar, tsakanin na hawan jini da na ciwon gwiwa. Saje ya fice ko sallama babu, ya faɗa cikin cunkoson da kullum yake riga fita.

Abu ɗaya ake faɗa a faretin nan da ya fi duk sauran surutun Sufeton sashensu amfani. Birnin babba ne, 'yan sandansa dubbai, na wannan shiyya bai san fuskar na waccan ba. To idan ɗan farin kaya ya zaro bindiga a tsakiyar titi, da me mai kakin da ya iso zai gane nasu ne ba ɗan fashi ba? Shi ya sa kowace safiya ake zaɓar launi guda. A faɗa wa 'yan farin kaya a fareti, a faɗa wa masu sintiri ta rediyon oba-oba. Kowane ɗan farin kaya na yawo da ƙyallaye biyar masu roba a aljihu, ba ya fito da ko ɗaya sai aiki ya taso, sannan ya zura na ranar a wuyan hannunsa na hagu. Launin ba ya kwana, kowace rana da nata.

Ko da ya isa ofis an watse. Sufeto na zaune ƙofarsa a buɗe, kuma Saje ya san in ya leƙa ya tambaya sai an yi wata guda ana ba da labarinsa, shi da yake shanya kurata a rana a kan makarar minti biyu. Sai ya zagaya ta bayan kantar karɓar ƙara, ya saci kallon allon ɗakin fareti. An rubuta JA ɓaro-ɓaro a kusurwar da aka saba. Ya ware jan ƙyalle ya sa shi kaɗai a aljihun gaba, ya fita yana jin daɗin wayonsa.

Ja na jiya ne. Magatakardan da ke goge allon yana gida kwance da zazzaɓi, Sufeto kuwa da baki ya faɗi launin ranar. Kore ne.

Aikin ranar a babbar tashar mota yake. Mako uku suna neman wani mutum da suka laƙaba wa Likita, saboda shagunan magani kawai yake shiga da ƙaramar bindiga, da rana tsaka, kuma sai ya gaida mai shago cikin ladabi kafin ya nuna masa ita. An tsegunta musu cewa yana karɓar saƙo a tashar. Abokin aikin Saje, wanda kowa ke kira Dogo, yana ƙofar shiga tun ƙarfe bakwai. Saje ya kama ƙofar fita, ya jingina da turken fitila, ya buga masa waya.

"A'a, Saje, ashe kana raye? Na ɗauka ritaya ka yi ba ka gaya mana ba."

"Rufe mana baki ka buɗe ido."

Wajen sha ɗaya da rabi ya gan shi. Siriri ne, da farar riga a goge da jakar rataye, ya fi kama da malamin makaranta. Idanunsu suka haɗu na daƙiƙa ɗaya, kuma daƙiƙar ta ishe su gane juna. Likita ya yar da jakar ya ranta a na kare. Saje ya rufa masa baya, ya samu ya ce wa Dogo ta waya "Gefen rumbunan kaya!" ya cusa wayar a aljihun wando. Yana gudu ya zura jan ƙyallen a hannu, ya zaro bindiga.

Wani mai shagon taya ya ga ƙato da riga mai ratsi da bindiga tsirara yana bin bawan Allah mai farar riga, sai ya yi abin da 'yan sanda ke roƙon jama'a kullum su yi. Ya buga lambar gaggawa.

Lungun ya ƙare a wani fili da ake loda kaya, katanga hagu da dama, a gaba ƙyauren ƙarfe a kulle, gefe guda an jibge akwatunan kwalabe. Likita ya yi tsalle ya kama saman ƙyauren, ya zame ya faɗo, bindigarsa ta sulluɓe daga ƙugu ta gangara cikin kwata. Da ya juyo sai ya ga bakin bindigar Saje taku uku daga goshinsa.

"Durƙusa. Hannu a ka."

Ya durƙusa yana haki. Saje ma hakin yake, amma ransa fes. Har ya fara tsara yadda zai shiga ofishin Sufeto da mutumin nan a gaba, ya ga wanda ya isa ya yi masa zancen makara.

"'Yan sanda! Kada ka motsa!"

Muryar mace ce, daga bayansa, kamar taku goma. Abin da ya fara ji daɗi ne, ga taimako ya iso. Ya ɗaga hannun hagu sama yadda aka koya musu, bai waiga ba.

"Yauwa, kun zo a daidai. Farin kaya ne, dubi hannuna."

Sai ya ji ƙarar oba-oba, ya ji muryar ta canza ta yi siririya.

"Ofis, ofis, ina bayan rumbunan tasha. Akwai ƙyalle a hannunsa. Ja ne. A maimaita mini launin yau."

Na'urar ta yi ƙara, wata muryar namiji mai sanyi, irin ta wanda ke zaune ƙarƙashin fanka, ta amsa. "Kore ne. Na maimaita, kore. Ja na jiya ne. Ki yi hankali da shi, taimako na hanya."

Zufar gudun da ke jikin Saje ta koma sanyi lokaci guda. Allon nan ya faɗo masa a rai, da rubutun da babu wanda ya goge. Abin da ya fi ba shi tsoro kuwa, ya san sarai abin da ke cikin kan matar nan, don shi da bakinsa yake koyar da shi duk shekara a ajin sababbin ɗauka. Wanda ba shi da ƙyalle, ƙila mantawa ya yi. Wanda ya ɗaura na jiya kuwa, wannan zama ya yi ya kalle mu jiya, ya je ya nemo irinsa. Kada ku tsaya gardama da shi. Haka yake faɗa yana buga tebur, kuratan suna rubutawa.

"Ajiye bindigar!"

"Zan ajiye. Saurare ni, 'yar'uwa, ni Saje ne a sashen farin kaya na..."

"Kada ka ce mini 'yar'uwa! Ajiye!"

"Katina na aljihun baya."

"Ka taɓa aljihun nan ka gani!"

Ajiyewar ma ba abu ne mai sauƙi ba. In ya sunkuya, motsi ne. In ya sake ta ta faɗi, za ta iya tashi, kuma ƙara ɗaya ta isa ta sa yatsan matar nan ya yi aikinsa. In kuma ta sauka lafiya, ga ta nan taku uku daga hannun ɗan fashi. Bayan wuyansa ya ɗau zafi, daidai inda yake jin an saita. Duk jikinsa so yake ya waiga, ya nuna mata fuskarsa, fuskar mutumin kirki mai 'ya'ya uku, ta gani ta gane. Ya san waigen nan shi ne ya kashe waɗanda aka rataye hotunansu a zauren hedikwata. Ya sha wucewa ta gabansu yana cewa a ransa ai sakaci ne.

"Oga."

Likita ne, a durƙushe, leɓɓansa kawai ke motsi. Shi yana fuskantar matar, yana ganin abin da Saje ba ya gani.

"Oga, kada ka waiga. Wallahi hannunta rawa yake. Ita kaɗai ce."

"Yi mini shiru."

"Ba zan yi ba. Harsashin da ya kuskure ka ni zai samu. Ka ji ni da kyau, na fi ka sanin wannan wurin. Daina yi mata bayani, bayani tsoro yake ƙara musu. Cire yatsanka daga kunamar bindigar, ka miƙe shi ta gani."

Saje ya kalli mutumin da ya yi mako uku yana farauta. Idanunsa sun firfito, jijiyar wuyansa na harbawa. Babu wayo a fuskar, tsoro ne zalla irin nasa. Ya miƙe yatsan a hankali.

"Yauwa. Yanzu faɗa mata abin da za ka yi kafin ka yi. Da ƙarfi. Ɗaya bayan ɗaya."

Muryar da ta fito daga bakin Saje ba irin wadda yake tsawata wa kurata da ita ba ce.

"Zan kai hannun dama gefe. Zan durƙusa. Zan ajiye ta a ƙasa, in tura ta baya wajenki da ƙafa."

"A hankali!" in ji ta. Yana jin numfashinta daga inda yake.

Ya kai hannun gefe. Gwiwarsa ta dama ta taɓa siminti, sannan ta hagu. Ƙarfen ya rage ɗan kaɗan ya taɓa ƙasa ke nan, wayarsa ta ɗau ruri a aljihun wando. Dogo ne ke nemansa. Kuma hannun hagun nan, da ya yi shekara da shekaru yana amsa waya tun kafin ta yi ƙara ta biyu, ya sauko da kansa kamar taƙi guda ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Likita ya runtse ido, ya dunƙule, ya saki wata 'yar ƙara kamar ta ɗan akuya.

Saje ya ƙame. Ya jira. Ya taɓa jin an ce mutum ba ya jin ƙarar wanda ya same shi, sai ya tsaya yana sauraren bayansa, yana neman inda zafin zai ɓullo. Abin da ya zo masa a rai ba wani babban abu ba ne. Ya tuna ya fita bai yi wa kowa sallama ba, har da tsohuwar da ta ce ya zauna ya sha shayi. Wayar ta yi ta ruri har ta gaji ta katse. Wata babbar mota ta yi ham a can cikin tasha. Bai ji komai a bayansa ba.

Ya mayar da hannun sama, ya ajiye bindigar, ya tura ta baya da dunduniya. Ya kwanta rub da ciki ba tare da an ce ya kwanta ba, kuncinsa a kan siminti mai warin man inji. Likita ma ya kwanta, fuskokinsu na kallon juna.

"Buɗe tafin hannunka sama," in ji Likita cikin raɗa. "Ware ƙafafu. Kada ka ɗaga kai ko ta kira ka."

Haka ya yi. Takalman suka matso, gwiwa ta sauka a tsakiyar bayansa, ankwa ta kama wuyan hannunsa a kan jan ƙyallen. Ya sa wa mutane ankwa ba adadi, bai taɓa sanin haka take cizon ƙashi ba. Hannayen da ke ɗaure shi jiƙe suke sharkaf, sai da suka yi ƙoƙari sau uku kafin ta kulle.

Sannan duniya ta dawo da hayaniyarta. Jiniya, gudun takalma, ga Dogo ya faɗo filin hannunsa na hagu a sama da koren ƙyalle, yana ihu tun daga bakin lungu.

"Namu ne! Namu ne! Kofur, sajenmu ne kika ɗaure!"

Aka kwance shi, aka tashe shi, ana kakkaɓe masa riga. Sai a lokacin ya ga matar. Kofur ce gajera, ba yarinya ba, ta kai shekara talatin da biyar, hularta ta karkace. Ba ta dube shi ba. Ta tsaya tana kallon bindigar da ke hannunta, har wani ya zo ya taɓa kafaɗarta sannan ta mayar da ita kube.

Da za a tura Likita cikin mota, ya tirje ya juyo.

"Oga, ka gode wa Allah. Ba ka ma san abin da ya faru ba." Ya nuna Kofur da haɓa. "Tambaye ta. Ni na gani."

Kafin su koma ofis labari ya riga su. Wani ɗan iska ya goge allon ya rubuta launukan nan biyar, ya sa sunan Saje a ƙasa. Dogo na kwaikwayon yadda ya same shi a kwance, "kamar kifi a faranti," ana ta shewa. Sufeto ya rufe ƙofa ya wanke shi tas na minti goma, ya ce shi da Kofur kowa ya kawo rahotonsa a rubuce kafin ƙarfe huɗu, daga ƙarshe ya ce kamun dai ya yi kyau. Saje ya yi dariya inda ake dariya, ya ce "Na'am, yallaɓai" inda ya kamata. Ya ɗauka abin ya wuce. Amma da ya zauna zai rubuta, maganar Likita ta hana shi sakat.

Ya same ta a matakalar baya, kusa da famfon da ake wanke motoci, takarda a kan cinyarta babu ko layi ɗaya. Ta yunƙura za ta miƙe ta sara masa.

"Zauna, Kofur. Ba faɗa na zo yi ba. Laifina ne daga farko har ƙarshe, kuma haka zan rubuta." Ya ɗan yi murmushi don ya sassauta mata. "Kin yi ƙoƙari. Wani ne da tuni ya harba lokacin da wayar nan ta yi ƙara. Shekararki nawa a aiki?"

"Tara, Saje. Bakwai a ba da hannu a titi. Watan jiya aka dawo da ni sintiri."

"To kin riƙe kanki. Zan sa wannan ma a rahoton."

Ta ɗago ta dube shi a karon farko. Idanunta sun yi ja, amma babu hawaye.

"Kada ka sa, Saje."

"Don me?"

"Ban riƙe kaina ba. Da hannunka ya sauko, na ja kunamar. Na saita tsakiyar bayanka na ja. Ta ƙi tafiya, na sake ja da ƙarfi. Sau biyu." Ta kalli yatsanta kamar na wani ne aka ba ta aro. "Makullin bindigar ne ban buɗe ba. Tun da na fito daga mota na manta da shi. Sai da kuka kwanta na gani."

Famfon na ɗiga a kan siminti. Daga cikin ofis ana jiyo muryar Dogo, ya sake ɗauko labarin daga farko don waɗanda suka shigo yanzu, dariya ta sake ɓarkewa.

"Saje, me zan rubuta?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa irin ta babba, don bai taɓa rasa abin da zai gaya wa na ƙasa da shi ba. Tsoron da ya ɗauka ya baro a filin lodi sai yanzu ya iso masa gaba ɗayansa. Ya lalubi ƙarfen matakalar ya riƙe, bai riƙu ba, ya sulale ya zauna a ƙasa kusa da takalmanta.